Ƙwai Goma Sha Ɗaya na Yaya Odell

Yayana Odell Hiott ya cika shekara saba'in da huɗu a bana, kuma talatin da ɗaya daga cikinsu ya ƙarar da su ne wajen kwantar da macizai barci idan sanyi ya shigo, ya tashe su idan gari ya fara ɗumi. Ni ce ƙanwarsa Vernell, shekara shida ya ba ni. Gidajenmu suna kallon juna a bakin wata tsohuwar hanya mil tara daga Walterboro, ni da kajina a wannan hannu, shi da macizansa a wancan. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, wai maƙwabcin mai akuya ya sayi kura. Na daɗe ina so in ba da labarinsa. Abin da ya hana ni shi ne ba yadda zan ba da shi ban shiga ciki ba, shigar da na yi kuwa ba mai daɗi ba ce.

A gonar Babanmu abin ya faro. Akwai wani rumbun masara na katako a bayan gida, an ɗora shi a kan duwatsu, ɓeraye sun mai da shi kasuwa. Inda ɓera ya taru kuwa macijin masara ba ya nisa. Ba shi da dafi, ba shi da neman faɗa, in ka ɗaga shi ma sai ya nannaɗe a hannunka yana jin ɗumi. Baba ya kafa doka, duk wanda ya kashe ɗaya jikinsa zai gaya masa. Ni tun ina 'yar ƙarama in na hango jan abu yana jan ciki sai in canja hanya. Odell kuwa a ƙarƙashin rumbun nan ya yi rabin yarintarsa, ciki a ƙasa, Mama tana kiransa cin abinci yana cewa a dakata.

Shi ne ya gano wai na gonarmu daban suke da na ko'ina. Jan su ya fi kauri, kamar jan bulo da ruwa ya jiƙa, baƙin layin da ya kewaye kowane tabo kuma faffaɗa ne kamar an bi da gawayi. Ya ce da ka haye kogi ba za ka sake ganin irinsu ba. Ni dai har yau maciji maciji ne a idona, amma na daina musu da shi tun da daɗewa.

Da Baba ya rasu, Mama ta kwanta ciwo, sai gona ta tafi. Wani kamfanin katako ya saya, ya riƙe shekaru, shi ma ya sayar wa wasu. Yanzu in ka bi ta wurin ba abin da za ka gani sai wani makeken sito mai farin bango da filin ajiye manyan motoci, an malale ko'ina da kwalta. Ana saura kwana biyu katafila ta shiga, Odell ya ɗauki rigar matashin kai ya tafi. Rumbun ya riga ya faɗi. Ya wuni yana ɗaga tsofaffin kwanonin rufi ɗaya bayan ɗaya, ya dawo da macizai biyar, mata uku maza biyu. Matarsa Maxine ta tare shi a ƙofa ta ce ko ita ko su. Ya ce to, ya wuce da su bayan gida. Ita da su suka zauna tare shekara ashirin da biyu, har ta ware wata tukunya da take narkar musu da daskararrun ɓeraye, tana yi tana tsine musu.

Sana'arsa ta ainihi gyaran firij ne da na'urar sanyaya ɗaki, ita ce kuma ta taimake shi. Macijin da ke cikin akwati ba ya haihuwa yadda ya kamata sai ya ji an yi sanyi an gama. Sanyin garinmu kuwa ba shi da alkawari, yau ka sa rigar sanyi, jibi kana fifita a baranda. Sai Odell ya samo wani ƙaton firij na ajiye furanni daga wani shago da aka rufe, ya gyara shi a cikin rumfar bayan gida, ya daidaita shi a digiri hamsin da biyar a ma'aunin ƙasarmu, wato sanyi amma ba na ƙanƙara ba. Farkon Disamba yakan jera akwatunansu a ciki, duhu, ba abin da ke wurinsu sai kwanon ruwa. Sati goma. Duk Lahadi bayan coci zai je ya buɗe ya duba ko ruwan wani ya ƙare, ya rufe. Tsakiyar Fabrairu ya fito da su, ya riƙa ƙara musu ɗumi kaɗan-kaɗan, ya ciyar da su, sannan ya zauna jiran mace ta yi saɓa. Ranar da ta tuɓe tsohuwar fata, ranar yake kai mata namiji, har da saɓar yake bari a cikin akwatin don namijin ya ji ƙanshi. In hadari ya haɗu ya fi so, wai sun fi zafin nama in iska ta yi nauyi. Ban sani ba ko gaskiya ne, amma na sha ganinsa a tsakar gida yana kallon sama kamar manomi.

An yi shekarun daɗi. Akwai lokacin da rumfar nan ta ɗauki macizai sun kai ɗari biyu, har da baƙaƙen nan masu cin ɓera da wasu ruwan ɗorawa masu hawa bishiya. Yakan loda su a mota ya kai baje koli a Columbia. Can ne mutane suka fara juya masa baya, don an shigo da wasu launuka na zamani, farare fat, masu ruwan hoda, masu ruwan toka. Matasa su tsaya a teburinsa su ce, "Baba, ai waɗannan na gama-gari ne, ba ka da wani kala?" Shi kuma ya nuna musu teburin gaba ya ce, "Ga alewa can, ku je ku saya." Sau nawa ana ba shi shawara ya haɗa nasa da na wasu ya fitar da sabon launi, ya ƙi. Ya ce jinin rumbun Baba ba zai gauraya da na kowa ba. Taurin kai dai gado ne a gidanmu, ni ma ba a bar ni a baya ba.

Shekara guda bayan rasuwar Maxine ya yi kuskuren da bai taɓa yi ba. Wani ya kawo masa macijin ɓera ruwan ɗorawa, kyauta. Ƙa'idarsa sabon maciji sai ya yi wata uku a ware kafin ya shiga rumfa, amma a lokacin Odell ko gemu ba ya askewa, sai kawai ya tura akwatin cikin sahu. Ashe da ciwo ya zo. Macizai suka fara haras da abinci, cikinsu ya kumbura, su rame, su mutu. Shekara biyu ana wannan, rumfa ta koma wayam. Da hannunsa ya ƙone akwatunan a bayan gida, ni ina wannan hannu ina shaƙar hayaƙin roba. Biyu kaɗai suka tsira, don dama a falo yake ajiye su: mace da ya sa wa suna Ida, sunan malamar da ta koyar da mu a aji uku, wai kallonsu iri ɗaya, da namiji mai suna Purvis. A duk duniya su ne suka rage daga jinin rumbun nan.

Ya jira shekara biyu ya tabbata ba su ɗauki ciwon ba, sannan ya sake kunna firij. Shekarar farko Purvis ya shiga akwatin Ida ya nemi lungu ya kwanta abinsa. Shekara ta biyu Ida ta yi ƙwai, amma duk ƙanana ne, rawaya, ba ɗa a ciki. Ta uku firij ɗin ya lalace a tsakiyar Janairu aka kuma yi sati ana zafi, kafin ya gyara barcinsu ya watse. Kowace shekara sai na ga ya ƙara rusunawa. Matakala uku ce a ƙofar rumfar, amma ya kai sai ya huta a ta biyu. Na ce masa, "Yaya, ka haƙura mana. Kai ka tsufa, ita ta tsufa, shi ma angon ya tsufa." Ya ce, "Uwar kaji, je ki ji da 'ya'yanki."

A bana Ida tana da shekara goma sha shida, wanda a macizai tsohuwa ce tukuf. Wata safiya a tsakiyar Mayu ina watsa wa kaji hatsi sai na ji ana ƙwala mini kira daga ƙetaren hanya.

"Ke Vernell! Vernell! Zo ki gani!"

"Lafiya? Faɗuwa ka yi?"

"Ke dai zo, bar kwanon nan!"

Na haye da silifa ƙafa ɗaya. Na same shi a falo a durƙushe gaban akwati. A cikin jiƙaƙƙiyar gansakuka ga ƙwai nan farare tas, dogaye kamar babban yatsa. Galibi maciji a dunƙule take yin su, su manne da juna, amma Ida don tsufa ta watsa nata nan da can, kowanne shi kaɗai.

"Ƙirga," in ji shi.

"Goma sha ɗaya."

"Sake ƙirgawa, idona ba shi da tabbas."

"Goma sha ɗaya ne, Yaya. Ko Fasto ka kira haka zai ce maka."

Ya zauna daɓas a ƙasa ya yi dariya, irin wadda rabon da in ji ta tun Maxine tana da rai. Na tsani macizai, amma ranar na ji daɗi har cikin raina. Bayan kwana biyar ya haska mini su da tocila, ko'ina jijiyoyin jini ja sun bazu kamar saiwa. Duka goma sha ɗayan suna da rai.

Ana ga wata ga wata. Satin nan ne likita ya ce jijiyoyin zuciyarsa sun toshe, ba a jira, sai an yi masa aiki a Charleston. Ya nemi a ɗaga masa wata biyu har ƙwai su ƙyanƙyashe, likita ya tambaye shi ko ya fi so ya ga macizan ne ko macizan su zo jana'izarsa. Ranar da za a tafi ya kai ni gaban akwatin ƙyanƙyasar da ya haɗa da wani tsohon akwatin ƙanƙara.

"Kin ga wannan ma'aunin? Tamanin da biyu. Kada ya hau, kada ya sauka. In gansakuka ta bushe ki ɗiga ruwa a gefe, ban da kan ƙwan."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan mana. Yo ke da kika yi shekara ashirin da tara a gidan ƙyanƙyasar kaji, ni zan koya miki ƙwai?"

Na ce, "Ato. Gara da ka san haka."

Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ce ta kashe mu. Ni a cikin ƙwai na tashi. Tun ina 'yar shekara tara Mama ta damƙa mini akwatinta na ƙyanƙyasa mai fitilar kananzir. Abu na farko da ta koya mini shi ne in ɗauki fensir in yi wa kowane ƙwai alama a gefe ɗaya, don in san wanda na juya da wanda ban juya ba. Sau uku a rana, safe da rana da yamma. Ƙwan da ba a juya ba ɗan tsako yakan manne da ɓawo ya mutu, ko ya fito da nakasa. Kaza ma da bakinta take juya nata. A kamfanin da na yi aiki inji ne ke karkata faranti duk awa, ranar da ya tsaya kuwa kowa sai ya bar abin da yake yi a juya da hannu. A wurina juya ƙwai ba ma abin tambaya ba ne, kamar a ce maka ka rufe ƙofa in ka shiga bayi.

Washegari da safe na buɗe akwatin. Kowane ƙwai da 'yar alamar fensir a samansa, duka suna kallon sama. Na ce a raina, kai, ashe Yaya bai manta da koyarwar Mama ba. Na wanke hannu, na daure, don ƙwan maciji laushi ne da shi kamar fata, ƙyamarsa nake ji har cikin haƙorana. Na juya su ɗaya bayan ɗaya, alama ta koma ƙasa. Da rana na dawo da ita sama. Da yamma na mai da ita ƙasa.

Kwana tara na yi haka, ban tsallake ko sau ɗaya ba. Taron matan coci na ranar Laraba ma na baro shi a tsakiya don kada lokacin juyi ya wuce. Da ya farfaɗo daga aikin ya kira ni a waya, muryarsa can ƙasa-ƙasa, bai tambayi lafiyata ba.

"Ƙwai fa?"

"Suna nan lafiya lau. Ko uwarsu ba za ta kula da su kamar yadda nake yi ba."

"Tamanin da biyu?"

"Tamanin da biyu cif. Ka kwanta ka huta, sarkin macizai."

A kwana na bakwai na ga biyu sun fara lotsawa, wani kuma yana tsattsafo da ruwa kamar gumi. Na ɗauka danshi ne ya yi kaɗan, na ƙara ruwa a gefe kamar yadda ya ce. A na tara akwatin ya fara wani ɗan wari. Hancina ya san warin bara-gurbi, amma na ce wa kaina ai macizai dama ba su da ƙanshi.

Da yammar ranar na ɗauko shi daga asibiti. Yana rungume da matashi a ƙirji saboda ɗinki, tafiya kamar yana taka ƙaya. Na ce ya fara kwanciya in ɗumama masa miyar kaza, ya ce sai ya gani tukuna. Na yi sauri na riga shi shiga, don lokacin juyin yamma ya yi, ina so ya tarar da komai daidai. Yana shigowa ina ajiye na ƙarshe.

Ya tsaya a bayana yana leƙa akwatin.

"Ina alamun?"

"Suna ƙasa mana. Juyin yamma ke nan, da safe za su dawo sama."

"Juyin yamma," ya maimaita.

"Sau uku kullum. Ko sau ɗaya ban fasa ba."

Ya laluba kujera ya zauna a hankali, matashin nan yana ƙirjinsa. Ya rufe ido. Na zaci ciwon ne ya motsa, har na nufi waya. Sai ya ce in dawo in zauna. Ya yi mini bayani da murya a kwance, kamar mai karanta takardar magani. Ɗan maciji tun kwana ɗaya ko biyu da yin ƙwai yake mannewa a saman ɓawo daga ciki, nan zai zauna har ya fito. In aka kife ƙwan, gwaiduwa sai ta danne shi, jijiyoyin su tsinke. Sau ɗaya bisa kuskure wani kan tsira. Alamar fensir ɗin da na gani don a san sama ce, in an ɗaga ƙwai a mai da shi yadda yake, kada ya juya ko kaɗan.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Maimakon in ba shi haƙuri sai na hau shi da faɗa, shi da ɗinki a ƙirji.

"To me ya hana ka faɗa mini? Baki ne ba ka da shi? Tamanin da biyu, tamanin da biyu, kamar aku! Kalma uku kacal, kada ki juya, ita ce ta yi maka nauyi?"

"Ban taɓa haɗuwa da wanda zai juya ba, Vernell."

"Ni kuma ban taɓa haɗuwa da ƙwan da ba a juyawa ba!"

"Na sani," ya ce. "Na san haka. Je ki ɗumama miyar."

Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Na shiga kicin na tsaya gaban tukunya ina kuka, ni da rabona da kuka tun jana'izar mijina. Garin neman gira na rasa ido, kuma ba nawa idon ba.

Bai zubar da su ba. Ya bar su yadda na ajiye su na ƙarshe, ya ce juyi ɗaya ma ya isa haka. Duk safiya zai haska su da tocila, wanda ya yi baƙi ya cire. Suka koma tara, shida, huɗu. Ɗaya ya yi taurin rai har kwana arba'in, fari tas, har na fara roƙon Allah a kansa a coci ba tare da na gaya wa kowa abin da nake roƙo ba. Shi ma daga baya ya yi fumfuna ya lotse. Odell ya yanka shi da reza a kan jarida. Abin da ke ciki bai fi tsawon ashana ba, ko launi bai fara yi ba.

Duk tsawon lokacin zafi ni ke kai masa abinci, burodin masara da ganye, wani lokaci tarwaɗa. Yana ci, yana godiya, bai taɓa tayar da maganar ba. Amma ya ɗauki wata sabuwar ɗabi'a, komai sai ya yi mini bayaninsa dalla-dalla. "Wannan kwanon ruwa ne, Vernell, ruwa ake zubawa." "In kin buɗe akwati ki rufe." Ba da gatse yake yi ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Tsoro yake ji kada ya sake barin wani abu da yake gani kowa ya sani. Haka na koyi kiwon maciji ina da shekara sittin da takwas, ba don ina so ba.

Ni kuma na sa abu ɗaya a gaba, a sake gwadawa. Tun watan Satumba na fara yi masa naci. Na ce ai Ida ta nuna tana iyawa, Purvis ma ya nuna ba a banza yake cin ɓera ba. Sanyi ɗaya kawai, Yaya. Na share rumfa, na wanke akwatunan barci biyu da ruwan zafi, na huda musu sababbin ramukan iska. In na yi magana sai ya ce, "Bari mu gani." Ida kuwa tun da ta yi ƙwan nan ba ta mai da jikinta ba. Ƙashin bayanta ya fito kamar tudun kunya, fatar gefenta ta yi sako-sako, ɓera ma sai ƙarami take karɓa. Ina gani, amma na ƙi gani.

Cikin abubuwan da ya koya mini a watan Oktoba akwai maganar yunwa. Macijin da za a sa a sanyi sai an yanke masa abinci sati uku kafin nan, cikinsa ya zama fanko. In ya shiga sanyi da abinci a ciki ba zai narke ba, ruɓewa zai yi ya kashe shi. Na ƙirga da kaina, in za su kwanta farkon Disamba, ciyarwar ƙarshe goma ga Nuwamba ce. Ranar ta zo aka ba su, na koma gida da sauƙin zuciya, na ce to an ɗauki hanya.

Ranar ashirin da huɗu ga wata na kai masa abincin rana. Na tarar da shi a kicin, ga kofi da ruwan ɗumi a gabansa, wata 'yar wutsiyar ɓera tana leƙowa daga ciki.

"Wannan na wane ne?"

"Na Ida."

"Yaya, ka manta ne? Saura sati guda su kwanta. In ta ci wannan ai ba sanyi bana."

"Ban manta ba."

Na ajiye kwanon abinci da ƙarfi har miya ta fantsala. "Wato ka fasa. Ni ina ta wankin akwati kamar baiwa, kai ka riga ka yanke shawara kana kallona."

"Jiya na ɗora ta a sikeli. Ko kashi biyu cikin uku na nauyin da ta shiga da shi bara ba ta kai ba." Ya tsamo ɓeran ya shanya shi a kan tsumma. "In na sa ta za ta yi barcin, in na kai mata Purvis za ta karɓe shi, za ta kuma yi ƙwai. Maciji bai san ya ce a'a ba. Duk abin da ya rage a jikinta za ta zuba musu, sannan su maƙale mata a ciki don ba ta da ƙarfin turo su. Na taɓa ganin irin mutuwar nan sau biyu. Ba na son ta uku."

"To jinin rumbun Baba fa? Shekara talatin da ɗaya, ka bar shi ya tafi haka nan?"

"Na gaji, Vernell."

"Sau ɗaya kawai nake roƙo. Wannan karon ko numfashi ba zan yi kusa da ƙwan ba."

Ya ɗago ya dube ni, ba fushi a idonsa, da ma akwai.

"Ba don rumbun Baba kike so ba, ƙanwata. Ke da ko kallonsu ba kya son yi. So kike a sake yi don abin ya sauka daga kanki. Ni na yafe tun ranar, ban da ƙarfin riƙe kowa. Amma ba zan kashe tsohuwar nan don ki samu barci ba."

Gaskiya ce tsirararta ya faɗa. Kunya ta kama ni, irin wadda ban ji ba ko ranar da ya tarar da alamun a ƙasa.

Ya ɗauki dogon hantsaki ya kama wutsiyar ɓeran, muka shiga falo. Ya zame murfin akwati. Ida ta fito da kai daga maɓoyarta, harshe yana lasar iska. Tun bayan aikin zuciyar hannunsa yake rawa, ɓeran ya suɓuce ya faɗi a kan kafet. Ya sunkuya zai ɗauka, ƙirjin ya hana shi, ya tsaya yana haki da hannu ɗaya a bango.

Na karɓi hantsakin. Na san sarai abin da nake yi, wannan karon ba wanda zai ce ba a gaya mini ba. Na ɗauki ɓeran, na kakkaɓe shi, na miƙa mata ta wajen kai kamar yadda ya koya mini. Ta ɗan yi jinkiri, sannan ta cafke. Muka tsaya mu biyu muna kallo har wutsiyar ta shige.